Ku Tambayi Waɗanda Ya Gasa wa Aya a Hannu

Yau kurket za mu yi, kuma tun ban kai ƙarshen layin nan ba na ji tsakin. Malam na can kusurwa har ya ce, “Duk matsalolin da ke ƙasar nan, sai wasan da ake kwana biyar ana yi a tashi ba wanda ya ci?” Sannu Malam. Kai ne fa ka share sama da awa uku da rabi a gaban Lagaan, ba ka jin Indiyanci, kana yi wa Aamir Khan fatan ya doki ƙwallon ƙarshe don a yafe wa ƙauyensu haraji. Ran nan ba ka ce wasan ya yi tsawo ba. In kuma taƙamarka ita ce manyanmu ba su san shi ba, to a Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ana buga shi tun zamanin Turawa. Gyara zama kawai.

Ga dokar a taƙaice, don kada a riƙa tsayar da ni. Turaku uku ne a kafe, da ’yan guntayen katako biyu a ɗore a kansu. Mutum ɗaya na tsaye a gabansu da faffaɗar sanda yana kare su. Wani kuma daga tazarar yadi 22 yana jefo ƙwallon fata mai tauri, ta daki ƙasa ta taso. In mai sanda ya doke ta ya tara maki. In ta wuce shi ta taɓa turaku, ko ya doke ta wani ya cafe kafin ta faɗi, ya fita, sai na gaba ya shigo. An fitar da goma, a yi musanya. Sauran dokokin, su kansu Turawan har gobe gardama suke yi a kai.

Mutumin da ya sa na ɗauko zancen shi ne Shane Warne, ɗan Ostareliya, mai jifa. Ya rasu ranar 4 ga Maris 2022 a tsibirin Koh Samui na ƙasar Tailan, inda ya je hutu, yana da shekara 52. Awoyi kaɗan kafin nan ya rubuta ta’aziyyar wani tsohon ɗan wasan ƙasarsu, Rod Marsh, bai san shi ne na gaba ba. A manyan wasannin kwana biyar na ƙasa da ƙasa, waɗanda ake kira Tes, ya buga 145 ya fitar da mutum 708. A shekarar 2000 kundin Wisden ya zaɓi gwanaye biyar na ƙarni na ashirin, kuma a cikinsu shi kaɗai ne aikinsa jifa zalla, shi kaɗai ne kuma bai riga ya yi ritaya ba.

Amma duk abin da ’yan Ostareliya suka faɗa a kansa, ku raba biyu ku ajiye rabi. Nasu ne, kuma shaidar ɗan gida ba ta da nauyi a gaban alƙali. Wanda ke son sanin waye Warne ya tsallaka Ingila, ya tambayi mutanen da ya shekara goma sha huɗu yana hana su barci.

Rigimar ƙasashen nan biyu tsohuwa ce. A 1882 Ostareliya ta je har Landan ta doke Ingila, sai wata jarida ta buga sanarwar rasuwa ta ba’a, wai kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostareliya. Tun daga nan gasar da ke tsakaninsu ta zama ta neman toka, Ashes, kuma alamarta wani ɗan mitsitsin tulu ne da ke ajiye a filin Lord’s na Landan, ko wa ya ci ba ya barin wurin. Wato manyan ƙasashe biyu sun fi shekara 140 suna kai ruwa rana a kan tulun da ba a ma ba wanda ya ci ya tafi da shi gida. Ku yi dariya, na ba ku izini. Sai dai wanda ya san abin da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, ya riga ya gane rabin labarin. Na Ingila ce wa na Ostareliya yake jikan fursuna, tunda can aka riƙa kwashe masu laifi ana kaiwa. Na Ostareliya kuma ya ce na Ingila ba ya son wanka, ga ƙorafin tsiya. Ranar da abokin wasanka ya mutu, danginsa za su yi kuka, amma kai ma asararka ba ƙarama ba ce, don akwai maganganun da ba ka da sauran wanda za ka gaya wa.

Jifa iri biyu ne. Akwai na ƙarfi, mutum ya taho a guje ya sako ƙwallo da gudun kilomita 140 ko 150 a awa, mai sanda yana kare turaku yana kare haƙarƙarinsa. A shekarun 1980 tawagar West Indies ta tsibiran Karebiya ta mallaki duniya da irin wannan, su Malcolm Marshall da Michael Holding da Joel Garner, sai kowace ƙasa ta shiga neman ƙattai. Akwai kuma na murzawa. Mai jifa ya tako a hankali, ya sako ƙwallon da kusan rabin wancan gudun, amma tana juyi a iska, in ta dira ƙasa sai ta kauce hanya. Irin wanda Warne ya iya da wuyan hannu ake murza shi, kuma ya fi kowanne wuyar saiti: kuskure kaɗan, ƙwallon ta zama sadaka ga mai sanda. Shi ya sa shugabannin ’yan wasa suka daina yarda da masu yin sa. Abdul Qadir na Pakistan ne kusan shi kaɗai ya riƙe sana’ar a wancan zamani, ana ganin in ya tafi ta tafi.

Shi ma Warne farkonsa ba abin nunawa ba ne. Yaro ne mai ƙiba daga Melbon, wanda burinsa ya zama ɗan ƙwallon gargajiyar Ostareliya a ƙungiyar St Kilda, aka sallame shi. Wasansa na farko na Tes, a Sidni cikin Janairun 1992, Indiyawa sun tara maki 150 a kansa, ya fitar da mutum ɗaya tak, Ravi Shastri, shi ma sai da ya ƙoshi da maki 206. Da ɗayanku ne mai zaɓen ’yan wasa, na san da an ba shi kuɗin mota.

Sai ranar 4 ga Yuni 1993, a Old Trafford. Magoya bayan Manchester United ku sauke kafaɗa, ba filinku ba ne, wani ne na kurket a kusa da shi, kuma ya girmi naku. Warne na da shekara 23, aka miƙa masa ƙwallo, jifarsa ta farko ke nan a gasar toka. A gabansa Mike Gatting ne, tsohon hannu, wanda aka sani da iya dukan masu murzawa, kuma shi ne kyaftin ɗin da Ingila ta ci tokar a ƙarƙashinsa a karon ƙarshe kafin nan, a kakar 1986 zuwa 1987. Warne ya yi ’yan takunsa ya saki. Ƙwallon ta taho kamar za ta miƙe, sai ta fara zamewa a iska zuwa wajen ƙafafun Gatting, ta dira can gefe inda ko yaro ya san ba ta da hanyar turaku. Gatting ya miƙa ƙafa da sanda ya toshe, yadda aka koya masa tun yana ƙarami. Tana taɓa ƙasa ta karyo kwana, ta ratsa gabansa gaba ɗaya, ta wuce bakin sandar, ta ɗauke guntun katakon da ke kan turken ɗaya gefen. Ian Healy, mai tsaron bayan turaku, ya daka tsalle. Gatting ya tsaya yana kallon ƙasa, ya kalli alƙalin wasa, kamar mai jiran a ce masa wani ne ya ture turken da hannu. Da yake Gatting mutum ne mai jiki, kyaftin ɗinsu Graham Gooch ya riƙa tsokanarsa daga baya cewa da burodi aka jefo masa, da bai wuce shi ba.

Hajiya na tambaya, “Duk wannan surutu a kan jifa ɗaya?” Hajiya, Turawan Ingila ne da bakinsu suka sa mata suna ƙwallon ƙarni, kuma a kansu aka yi ta. Aikin da ta yi ya wuce fitar da Gatting. Daga ranar duk Baturen da ya tsaya gaban Warne yana ganin kowace ƙwallo za ta iya yin haka, shi kuwa ya gane, sai ya mayar da tsoron jari. Da yawa daga waɗanda ya fitar bayan nan da miƙaƙƙiyar ƙwallo ya fitar da su, suna jiran ta karya kwana ta ƙi. Kafin kowace gasa sai ya sanar wa ’yan jarida cewa ya ƙirƙiro sabuwar jifa, har da suna, a bar ’yan Ingila suna kwana a gaban bidiyo suna neman abin da wataƙila babu shi. In zai yi jifa sai ya tsaya, ya matsar da wani ɗan wasansa taku biyu, ya dawo da shi taku ɗaya, ya shafa haɓa, ya yi wa mai sanda murmushi. Wasan kwana biyar da kuke rainawa, irin wannan yake bai wa wuri. Warne na iya ɗaukar rabin awa yana jefa wa mutum abu iri ɗaya don ya saba, sa’an nan ya sako wanda ya tanada tun farko.

A gasar 1993 ya fitar da 34. A Melbon, ƙarshen 1994, ya fitar da ’yan Ingila uku da jifa uku a jere. Jimillar waɗanda ya fitar a gasar toka 195 ne, kuma har yau ba wanda ya kai shi. Daga 1989 Ostareliya ta ci gasar sau takwas a jere. Akwai yaran Ingila da aka haifa, suka yi wayo, suka kusa gama sakandare, ba su taɓa ganin ƙasarsu ta ci ba. Magoya bayan Arsenal ba sai na yi muku bayani ba.

Su kuwa ’yan kallon Ingila ba su bar shi ya sha ruwa ba. Rundunar magoya bayansu da ake kira Barmy Army, wadda ta samo asali a rangadin Ostareliya na 1994 zuwa 1995, ta yi masa waƙoƙi kan tumbinsa, kan gashinsa da ya rina, kan rayuwarsa ta bayan fage. Shi kuma sai ya cire hula ya rusuna musu. A Trent Bridge a 1997, da suka tabbatar da nasara, ya hau baranda ya ɗaga turke sama da hannu biyu yana karkaɗa ƙugu a gaban dubban Turawan da ke yi masa ihu. Jaridun Ingila suka ce rashin tarbiyya ne, kuma ban ga inda suka yi ƙarya ba. Amma a Janairun 1999, a wani wasan yini ɗaya a Melbon, da ’yan kallon Ostareliya suka fara jifan ’yan wasan Ingila da kwalabe, kyaftin ɗin Ingila Alec Stewart bai nemi ƙarin ’yan sanda ba. Warne ya aika a kira daga ɗakin hutawa. Ya fito, ya ari hular kwano ya kifa, ya je gaban masu jifan ya roƙe su, suka daina. Wannan Stewart ɗin kuma shi ne mutumin da Warne ya fi fitarwa a Tes, sau 14.

Ustaz ya ɗaga hannu, kuma na san abin da zai ce: wai mashayi, ɗan caca, mai neman mata nake yi wa dogon makoki. Ustaz, ka ma rage. A 1994, a Siri Lanka, ya karɓi dala 5,000 daga hannun wani ɗan cacar wasanni, shi da abokin wasansa Mark Waugh suka riƙa ba mutumin bayanin yanayin fili da na sama. Hukumarsu ta ci su tara a ɓoye, maganar ba ta fito ba sai 1998. A 2000 ya rasa muƙamin mataimakin kyaftin saboda saƙonnin waya da ya aika wa wata mata a Ingila. A 2003, ana gobe Ostareliya za ta fara wasanta a gasar kofin duniya a Afirka ta Kudu, aka tura shi gida saboda gwaji ya nuna haramtacciyar ƙwaya a jikinsa, aka dakatar da shi shekara guda. Da aka tambaye shi, sai ya ce mahaifiyarsa ce ta ba shi don ya rage kumburin fuska. Ƙato mai shekara 33 ya jingina laifi ga gyatumarsa, a gaban duniya! Ga riƙo: kyaftin ɗinsu Steve Waugh ya ajiye shi a wasa ɗaya a Antigua a 1999, ya mutu bai yafe ba. Hisabinsa ba a hannuna yake ba, kuma ba takardar shaidar hali na zo rubuta masa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne duk wannan jerin, magoya bayan Ingila sun fi ka haddace shi, Ustaz, su ne ma suka sa masa kari suka rera, kuma su ɗin ne suka tashi tsaye suka tafa masa.

Tafin ya faru ne a 2005, kuma nan ne nake son ku kasa kunne, don nan gaskiyar maganar take. Warne ya zo Ingila aurensa na rushewa, jaridu na bin sa ko’ina. A wasanni biyar ya fitar da mutum 40, ya kuma tara maki 249 da sanda, alhali ba aikinsa ba ne. A Edgbaston ya fitar da goma, ya tsaya da sanda yana jan Ostareliya zuwa ga nasara, sai ya ja da baya ya taka turakunsa da ƙafarsa, Ingila ta ci da maki biyu kacal. A Trent Bridge Ingila na neman 129, abin da ya kamata a gama kafin shayi ya huce, ya fitar da huɗu ya sa ƙasa guda ta riƙe numfashi. Sai ranar ƙarshe a filin Oval, 12 ga Satumba, ana gobe zai cika shekara 36. Ingila na buƙatar ta jure yinin don ta karɓi tokar. Kevin Pietersen na da maki 15, ya goga wa ƙwallon Brett Lee bakin sanda, ta nufi fuskar Warne kai tsaye, irin wadda ya cafe ɗaruruwa. Ta zame daga hannunsa. Pietersen, abokinsa kuma yaronsa a ƙungiyar Hampshire, ya tara 158. Shi ke nan.

’Yan kallo suka fara yi masa waƙar ya zubar da toka. Can da yamma ta yi, waƙar ta juya, suka koma faɗa masa cewa da ma ɗan Ingila ne. Ya cire hula ya rusuna. A ƙarshen shekarar BBC ta ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan ƙetare.

Turawa na son ba da wannan labari a matsayin shaidar karamcinsu. Ni kuwa ina cewa a duba lokaci. Shekara goma sha biyu yana jifa irin wannan, ba su tuna suna son ya zama nasu ba sai ranar da tulu ya tabbata a hannu. Karamcin mai nasara ba shi da tsada. Amma akwai abin da ya fi karamci a ciki, kuma shi ne dalilin da makokinsu na 2022 ya zama na gaske. Bayan Warne ya yi ritaya Ingila ta ci tokar a 2009, ta je har Ostareliya ta ci a kakar 2010 zuwa 2011, ta ci a 2013 da 2015. Tsayar da kowane dattijon mai son kurket a Ingila ka ce ya ba ka labarin toka, 2005 zai ɗauko. Ita ce aka yi wa zagayen gari a buɗaɗɗiyar mota har dandalin Trafalgar. Darajarta daga wa ta fito? Daga mutumin da ya fitar musu da 40 amma duk da haka suka tsira. Cire Warne daga ciki, ta zama nasara kamar sauran. Mafi daɗin abin da suke tunawa a rayuwarsu ta kallon wasa, rabinsa nasa ne.

Kuma bai bar su sun ci bulus ba. Duk wanda ya buga wa Ingila a gasar an ba shi lambar girmamawa ta Sarauniya, har da Paul Collingwood da wasa ɗaya ya buga ya tara 7 da 10. Da aka haɗu a Ostareliya bayan shekara guda da ’yan watanni, Warne ya riƙa tambayarsa a tsakiyar fili ko da gaske lambar Sarauniya ya samu a kan maki 17. A Adelaide Ingila ta tara 551 ta ce ya ishe ta haka, kowa na ganin canjaras ne mafi muni da zai same ta. Ranar ƙarshe Warne ya ɗaure su, suka zube a 129, suka sha kashi. Ranar 26 ga Disamba 2006, a gaban kusan mutum 90,000 a garinsu Melbon, ya fitar da Andrew Strauss ya zama na farko da ya kai 700. Aka tashi biyar da nema, ya ajiye ƙwallo a Sidni cikin Janairun 2007.

Masu son Indiya, na ga kuna ta motsi. Ku faɗa, haƙƙinku ne: a kanku bai yi abin kirki ba. A matsakaici maki 25 ake tarawa a kansa kafin ya fitar da mutum guda, amma in da Indiya ne sai ya haura 47. A 1998 Sachin Tendulkar ya sa aka farfasa masa wani gefen filin atisaye don ya saba da kwanar Warne, ya zo Chennai ya tara 155 ba a fitar da shi ba, ya bi shi Sharja ya ƙara masa 143 da 134. Don haka ƙaunar da Indiyawa ke yi masa mai sauƙi ce, ta wanda ya ci bashi ya biya. Ta ƙara zaƙi a 2008, da aka fara gasar IPL ta Indiya, ya ɗauki Rajasthan Royals, ƙungiyar da aka saya mafi arha, yana kyaftin yana koci, ya ci kofin da yaran da ba a san su ba. Ɗaya daga cikin yaran, Ravindra Jadeja, washegarin rasuwar Warne ya tara 175 a Mohali.

’Yan Siri Lanka gardamarsu ta lissafi ce: Muttiah Muralitharan ya fitar da 800, kuma 800 ta fi 708 a kowace makaranta. ’Yan Ostareliya su ce a cire 176 da ya samu a kan Zimbabuwe da Bangaladash, tunda Warne 17 kawai ya samu a can. ’Yan Siri Lanka su ce ku ne alƙalinku ya tozarta mana gwani a Melbon a 1995, ya ce jifarsa ba ta halatta ba. Ni dai ba zan raba wannan faɗa ba. In an matsa mini, Murali ya fi yawa, Warne ya fi daɗin kallo. Abin da mutanen Galle ke tunawa daban ne: bayan igiyar tsunami ta Disamban 2004 ta share garin da filin da ya fitar da mutum na 500 a cikinsa, Warne ya zo da kansa ya taimaka. Kofin da ƙasashen biyu ke takara a kai yanzu sunan su biyun yake ɗauke da shi.

Na Afirka ta Kudu kuwa a yi musu sannu kawai. Daryll Cullinan gwani ne mai matsakaicin maki 44, amma in ya ga Ostareliya ba ya kai 13, har ana ba da labarin ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa, Warne kuma ya tare shi a fili yana tambayar launin kujerar likitan. Pakistan na da Basit Ali, wanda a Sidni a 1995, ana jifar ƙarshe ta yini, Warne ya bar shi a tsaye ya je ya yi doguwar shawara da Healy, wai ashe zancen abincin dare suke, ya dawo ya zura ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa. Ranar da Warne ya rasu, Ostareliya na Rawalpindi, ziyararta ta farko a Pakistan tun 1998, kuma washegari ’yan wasan ƙasashen biyu suka jeru suka yi masa shiru na minti guda.

A Melbon, mutane suka yi ta ajiye abubuwa a gindin mutum-mutuminsa da ke ƙofar filin: furanni, ƙwallaye, gwangwanayen giya, kwalayen sigari, da ’yan burodin nama da yake so. Ustaz, kar ka kalle ni, ba ni na ajiye ba. Sun ƙi su wanke shi ne, sun tuna shi yadda yake. Ranar 30 ga Maris sama da mutum 50,000 suka taru a filin, aka sa wa babban ɓangaren ’yan kallo sunansa. Cikin waɗanda aka ɗora a dandali su yi magana har da Nasser Hussain, tsohon kyaftin ɗin Ingila, wanda Warne ya sha fitarwa yana bin sa da baƙar magana, daga baya suka zama abokan aiki a ɗakin sharhi. A watan Yuni, a Lord’s, gidan tulun nan, Ingila na wasa da New Zealand, babu ɗan Ostareliya ko ɗaya a cikin ’yan wasa, aka tsayar da wasa bayan zagaye na 23 aka yi tafi na daƙiƙa 23, lambar rigarsa ke nan.

Tunda an ambaci New Zealand, su ne kaɗai har yanzu yake bi bashi. Warne ya tara maki 3,154 a Tes, kuma ba wanda ya taɓa tara haka ba tare da ya yi ɗari a tsayuwa ɗaya ba. A Perth, ƙarshen 2001, ya kai 99. Maki ɗaya ya rage, wanda ko tura ƙwallon ya yi a hankali zai samu. Ina! Ya ɗaga sanda ya maka wa jifar Daniel Vettori sama, Mark Richardson ya cafe a can bakin fili, ya juya ya rusuna wa ’yan kallo. Sai bayan shekaru hoton bidiyo ya nuna ƙafar Vettori ta tsallake layi, wato jifar ba ta halatta ba, da alƙali ya gani da ba a fitar da shi ba. Ya yi ta mitar makin nan har ƙarshen rayuwarsa, ’yan New Zealand kuma suka yi ta dariya. A Janairun 2025, a gasar kofin duniya ta ’yan ƙasa da shekara 19 a Maleshiya, ’yan matan Najeriya suka doke na New Zealand da maki biyu. Ɗaya na bashin marigayi ne, ɗayan la’adarmu.